Kunne ne yake fara toshewa kafin baki ya yi nauyi

Akwai wata tambaya da masu bi dayawa suke yi, wasu a fili wasu a zuci: me ya sa bakina yake min nauyi in aka zo maganar yi wa wani shaidar Yesu? Mutum zai zauna da abokinsa ana ta hirar ƙwallo da siyasa da wahalar rayuwa, baki na zuba ba birki, amma da zarar hira ta karkata wajen Allah da rai da mutuwa sai ka ga harshe ya ɗaure. Amsar da aka fi ba mu ita ce tsoro ne ko kunya ko rashin horo, sai a shirya semina a koya mana matakan yin bishara, ka fara da aya kaza ka bi da aya kaza. Ban raina wannan ba ko kaɗan, yana da amfaninsa. Amma ni a ganina ciwon a kunne yake farawa. Wanda ya daɗe bai ji Allah ya yi masa magana ba, to me zai je ya faɗa wa wani? Sai dai ya maimaita abun da ya haddace tun shekarun baya, kuma shi kansa yana ji a ransa cewa abun ya huce, shi ya sa yake ja da baya.

A Ishaya 50:4 bawan Ubangiji ya ce an ba shi harshe irin na wanda aka koyar, don ya san yadda zai ƙarfafa gajiyayye da magana. To daga ina harshen ya samo abun faɗa? Ayar ba ta ƙare ba sai da ta ce kowace safiya Ubangiji yana farkar da kunnensa ya saurara kamar ɗalibi. Kowace safiya fa. Harshen da yake taimakon gajiyayye da rana, kunnen da aka farkar da safe ne yake ciyar da shi, kuma mu mun fi son a ba mu harshen ba tare da mun bi ta wajen kunnen ba.

Kowa ya san misalin mai shuka, yana Matiyu 13, yana Markus 4, yana Luka 8, tun muna yara ake koya mana shi. Amma yadda muka saba ɗaukarsa shi ne wai iri na farko da na biyu da na uku mutanen waje ne, mu da muke cikin ikilisiya kuma mu ne ƙasa mai kyau. Ku koma ku duba da kyau 'yan'uwa, duka huɗun sun ji maganar. Babu ko ɗaya a cikinsu da iri bai faɗa masa ba. Misalin yana magana ne akan masu zama a inda ake wa'azi, wato akanmu. Shi ya sa da Yesu ya gama fassara shi ya ƙara wani gargaɗi a Luka 8:18 cewa mu kula da yadda muke ji. Ashe ji ma iri iri ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikin huɗun shi ne na farko, wanda ya faɗi a bakin hanya. Ƙasar hanya ai ba wata ƙasa daban ba ce, ita ce dai ta gonar, yawan takawa ne ya daddaɓe ta har iri ba ya iya shiga, yana nan a sama tsuntsaye suka zo suka tsince. Kuma wa ya fi fuskantar wannan hatsarin? Sabon mai bi da wuya, shi komai sabo ne a wajensa, aya ɗaya sai ta hana shi barci. Tsohon hannu ne, wanda ya ji wa'azi ba adadi, wanda fasto na buɗe baki ya ce Yahaya 3:16 shi har ya riga ya kai ƙarshen ayar a zuciyarsa ya tafi tunanin wani abu. Kamar mutumin da gidansa yake bakin babban titi ne, baƙo in ya kwana ƙarar motoci ba za ta bar shi ya runtsa ba, mai gidan kuwa ko jin ta ba ya yi, kuma ba motocin ne suka daina wucewa ba. Haka sabo yake yi wa maganar Allah a kunnen wanda ya daɗe a majami'a. Ana faɗa, yana zaune, har yana cewa amin a inda ya dace, amma babu abun da ya ratsa.

Allah ya faɗa wa Ezekiyel wani abu makamancin haka a sura 33, daga aya 30 zuwa 32, kuma duk lokacin da na karanta wajen sai jikina ya yi sanyi. Mutanen suna maganar annabin a ƙofofin gidaje, suna gayyatar juna a zo a ji abun da Ubangiji ya ce, suna zuwa su zauna a gabansa kamar mutanen Allah, amma Allah ya ce a wajensu Ezekiyel kamar mawaƙi ne mai daɗin murya wanda ya iya kiɗa, suna jin maganarsa ba sa aikatawa. Ku lura waɗannan ba masu ƙin wa'azi ba ne, masu son wa'azi ne, masu cika benci. A yau su ne za su fito su ce kai yau fasto ya zuba wuta, su yanko guntun bidiyon su ɗora a sitatus, amma in ka tambaye su ranar Talata me Allah ya ce musu su gyara babu amsa. Jin daɗin wa'azi daban, karɓar magana daban, kuma sau dayawa jin daɗin ne ma yake rufe mana ido mu zaci mun karɓa.

Akwai labarin uba da ɗa a Tsohon Alkawari da nake so mu ɗan tsaya akai, domin ban san wani wajen da ya nuna bambancin nan ƙarara kamarsa ba. Uban shi ne sarki Yosiya, ɗan kuma Yehoyakim. A 2 Sarakuna 22, Yosiya ya hau sarauta yana shekara 8, a shekara ta 18 ta mulkinsa ana gyaran Haikali sai babban firist Hilkiya ya tsinci littafin Shari'a, ya ba Shafan magatakarda, Shafan ya je ya karanta a gaban sarki. Da sarki ya ji sai ya yayyage tufafinsa, nan take ya aika a tambayo masa Ubangiji, aka je wajen annabiya Hulda, kuma saƙon da ya dawo masa ya ce saboda zuciyarsa ta yi taushi ya ƙasƙantar da kansa ya yi kuka a gaban Allah, Allah ya ji shi. Abun da aka karanta masa ba mai daɗi ba ne fa, maganar hukunci ce, amma bai nemi hanyar kauce mata ba.

To bayan kimanin shekara 18, a Irmiya 36, ga ɗansa Yehoyakim akan gadon sarauta. Irmiya ya sa Baruk ya rubuta maganar Ubangiji a naɗaɗɗen littafi, aka kawo wa sarki yana zaune a ɗakinsa na lokacin sanyi, wata na 9 ne, wuta na ci a kasko a gabansa. Wani mai suna Yehudi yana karantawa, in ya karanta layi uku ko huɗu sai sarki ya sa wuƙa ya yanke wajen ya jefa a wuta, haka haka har littafin ya ƙone duka. Marubucin ya ƙara da cewa sarki da fadawansa da suka ji maganar babu wanda ya tsorata, babu wanda ya yage tufafinsa, kamar dai da gangan yake tuna mana da uban. Abun da ya ƙara taɓa ni ma, cikin waɗanda suka roƙi sarki kada ya ƙone littafin akwai Gemariya, ɗan Shafan ɗin nan da ya karanta wa Yosiya. Gida ɗaya, birni ɗaya, Allah ɗaya yana magana, uba ya bar magana ta yage shi, ɗa kuma ya yage maganar. Kuma ƙona littafin bai rage komai ba, Irmiya ya sa aka sake rubuta wani har da ƙari.

Babu wanda a cikinmu zai sa wuƙa ya yanka Littafi Mai Tsarki, Allah ya sawwaƙe, amma muna da namu wuƙaƙen da ba a gani. Ɗaya daga cikinsu ita ce, wannan wa'azin na wane ne. Ana maganar gafara kai kuma kana addu'a Allah ya sa matarka ta ji, ita ma a can tana fatan kunnenka yana buɗe. Ana maganar son kuɗi sai hoton wani dattijon ikilisiya ya zo maka. Dawuda ma haka ya yi a 2 Sama'ila 12, annabi Natan ya ba shi labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar talaka guda ɗaya tilo, Dawuda ya fusata ya yanke wa mutumin hukunci, sai da Natan ya ce masa ai kai ne mutumin. Abun da ya raba Dawuda da Yehoyakim shi ne da aka nuna shi bai yi musu ba, ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. Wata wuƙar kuma ita ce duba mai kawo saƙon, yaro ne, bai yi karatu ba, na san halinsa, Hausarsa ma ba ta fita. Wata kuma ita ce na riga na san wannan. Wata ita ce gobe, kuma ita ce mafi ladabi a cikinsu domin ba ta cewa a'a, tana cewa sai an jima ne kawai, alhali Ibraniyawa 3 ta ɗauko daga Zabura 95 tana nanata cewa yau, in kun ji muryarsa, kada ku taurare zukatanku.

Ƙasa mai duwatsu da mai ƙaya ba sai na daɗe akansu ba, mun san su. Ta farko murna ce ba saiwa, taro ya ƙare wuta ta mutu, wahala kaɗan ta zo mutum ya saki. Ta biyu kuwa Markus 4:19 ya lissafa abun da ke shaƙe ta, damuwar duniya da ruɗin dukiya da kwaɗayin wasu abubuwa, kuma ba lallai su zama zunubai masu suna ba, cunkoso ne kawai. Mutum ya farka hannunsa ya riga ya kai ga waya kafin ya ce Ubangiji na gode, saƙonni da labarai da bidiyo sun cika kai tun bai sauko daga gado ba, in ya buɗe Littafi daga baya ma zuciyar ta riga ta cika maƙil. Marta a Luka 10 ai hidima take yi wa Yesu kansa, ba yawon banza ta tafi ba, duk da haka hidimar ta hana ta zama ta ji, Maryamu ce da ta zauna a ƙafafunsa aka ce ta zaɓi rabo mai kyau. Masu aiki a ikilisiya, mawaƙa da masu koyar da yara da masu tsaron ƙofa da masu kula da na'urar sauti, wannan wajen namu ne sosai, mutum zai iya shekara yana hidima a gidan Allah bai zauna sau ɗaya a matsayin mai ji ba.

Yanzu wani zai ce to ya zan yi, ni zan buɗe zuciyata da kaina? A nan dole mu riƙe abu biyu tare. Na farko, buɗe zuciya aikin Allah ne. A Ayyukan Manzanni 16, Bulus da abokan tafiyarsa sun isa Filibi, ranar Asabar suka fita bayan gari bakin kogi inda suke zaton ana addu'a, suka tarar da mata suka yi musu magana. Cikinsu akwai Lidiya 'yar kasuwa mai sayar da tufafin shunayya, mutuniyar Tayatira, mai tsoron Allah ce tun kafin ranar, amma aya 14 ta ce Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta ta mai da hankali ga abun da Bulus yake faɗa. Don haka wanda ya ji zuciyarsa ta bushe, abu na farko shi ne ya faɗa wa Allah gaskiya, ya ce Ubangiji ina karantawa ba na jin komai, ka buɗe ni. Mai Zabura 119 ma a aya 18 roƙo ya yi a buɗe masa ido ya ga abubuwan al'ajabi a cikin Shari'a, kuma in wanda ya rubuta ayoyi har 176 akan maganar Allah yana wannan roƙon, mu wane ne da za mu wuce shi.

Na biyu kuma, akwai namu rabon. Lidiya ai ta je bakin kogin, tana wajen da ake addu'a lokacin da Allah ya buɗe ta. Yusha'u 10:12 da Irmiya 4:3 duka sun ce wa mutanen Allah su kafce saurarsu, wato ƙasar da aka bari ta taurare su sa mata garma. Yakubu 1:21 ya ce a fara kawar da ƙazanta da mugunta sannan a karɓi maganar da aka dasa da tawali'u, kuma wannan jerin yana da dalili, domin zunubin da mutum yake riƙe da shi da saninsa shi ne babban abun toshe kunne. Wanda ya ƙudurta ba zai gafarta wa ɗan'uwansa ba, ba ya iya karanta Matiyu 18 da buɗaɗɗiyar zuciya, dole ya yi sauri ya wuce. Sannan Yakubu ya ci gaba ya ce mu zama masu aikatawa, kada mu tsaya ga ji kawai muna ruɗin kanmu. Ni na gaskata biyayya ga ɗan abun da aka riga aka nuna maka ita ce take buɗe ƙofar na gaba. Me zai sa a ƙara maka sabon haske bayan wanda aka ba ka bara yana nan ajiye ba ka taɓa shi ba?

Kada kuma a ɗauka buɗaɗɗiyar zuciya tana nufin haɗiye duk abun da wani ya faɗa da sunan Allah. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 an yabe su akan abu biyu lokaci ɗaya, sun karɓi magana da marmari, kuma kullum suna bincika Littattafai su ga ko haka ne. Bulus ne fa yake musu wa'azi, duk da haka sun duba. A zamanin nan da kowa yake da waya kuma kowa zai iya kiran kansa annabi ya tara mabiya, wannan halin ya zama dole. Mai taushin zuciya ga Allah shi ne ya kamata ya fi kowa tambayar a ina aka rubuta.

A aikace abun ba wani mai wuya ba ne, nacin yin sa ne wuya. Ka karanta kaɗan a hankali ya fi ka zuba sura goma a guje don ka cika jadawali. Ka tsaya a inda ya soke ka, kada ka tsallake. Ka tambayi kanka me wannan ya nuna min game da Allah, me kuma yake nema a wajena yau. Ka je sujada da shirin ji, ko da addu'ar minti biyu ce kafin ka shiga. Sama'ila yana yaro, a lokacin da 1 Sama'ila 3 ta ce maganar Ubangiji ta yi wuyar samu, an kira shi sau uku yana rugawa wajen Eli, sai da tsohon ya gane ya koya masa abun da zai ce, yi magana bawanka yana ji. Mu kuwa addu'armu yawanci akasin haka take, mu ne masu magana daga farko har amin, mu tashi.

To ga inda maganar shaida ta shigo. Ku bi Littafi ku duba mutanen da maganar ta shige su da gaske, za ku ga ba a cika roƙonsu su je su faɗa ba. Mutum biyun nan na hanyar Imuwasu a Luka 24, Kiliyobas da abokinsa, sun yi tafiyar kusan mil 7 daga Urushalima cikin baƙin ciki, rana ta yi yamma har suna roƙon baƙon ya kwana, amma da idonsu ya buɗe suka tuna yadda zuciyarsu take ƙuna lokacin da yake buɗe musu Littattafai, a sa'ar nan suka tashi suka koma Urushalima. Gajiya da dare ba su hana su ba. Matar Samariya a Yahaya 4 ta bar tulunta a bakin rijiya ta shiga gari, kuma abun da ta faɗa gajere ne, ku zo ku ga mutumin da ya faɗa min duk abun da na taɓa yi. Ba ta gama fahimtar komai ba, har tambaya ta ƙara ko shi ne Almasihu, amma mutanen garin dayawa suka gaskata ta dalilinta. Andarawas ya zauna da Yesu, abu na farko da ya yi ya nemo ɗan'uwansa Saminu. Filibus ya samu Nata'ala, da Nata'ala ya kawo gardamar Nazarat bai tsaya ja-in-ja ba, ya ce zo ka gani. Bitrus da Yahaya a gaban majalisa, bayan an gargaɗe su, suka ce ba za su iya yin shiru akan abun da suka gani suka kuma ji ba. Irmiya ma da ya yi niyyar daina magana saboda ba'ar da ake masa, ya ce abun ya zama kamar wuta a ƙasusuwansa, ya kasa riƙewa.

Kuma yawancin waɗannan ba masu muƙami ba ne. Yarinyar da aka kamo bauta a gidan Na'aman a 2 Sarakuna 5, ko sunanta ba a rubuta ba, jimla ɗaya ta faɗa wa uwargijiyarta game da annabin da ke Samariya, sai ga babban jarumin Suriya a kogin Urdun. Mutumin da aka fitar wa aljanu a Markus 5 ya roƙa ya bi Yesu, Yesu ya ce ya koma gida wajen danginsa ya faɗa musu abun da Ubangiji ya yi masa da jinƙan da ya nuna masa, shikenan aikin da aka ba shi. Bayan an kashe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8 ta ce masu bi duka suka warwatse banda manzanni, kuma waɗanda suka warwatsen su ne suka yi ta shelar magana duk inda suka je, har wasunsu suka kai Antakiya a sura 11, inda aka fara kiran almajirai Kirista. 'Yan gudun hijira ne suka kai bishara can. Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana jiran sai ka yi makarantar tauhidi kafin ka buɗe baki, ba abun da aka nema a wajenka ba kenan. An nema ka faɗi abun da ka ji, abun da aka yi maka.

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba: kunnen da ya koyi sauraron Allah shi ne yake iya sauraron mutum. Filibus mai bishara a Ayyukan Manzanni 8, an ce masa ya bi hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Gaza, ya bi, Ruhu ya ce ya matsa kusa da keken dokin wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha, ya ruga. Da ya isa bai fara da wa'azi ba, ya ji mutumin yana karanta annabi Ishaya, sai ya tambaye shi ko yana gane abun da yake karantawa. Mutumin ya ce ina zan gane in ba wani ya bi da ni ba, ya gayyace shi ya hau ya zauna. Daga ayar da mutumin yake kai, wadda muke samu a Ishaya 53, daga nan Filibus ya fara yi masa bisharar Yesu. Ya fara daga inda mutumin yake. Mu sau dayawa muna zuwa da amsa a aljihu ga tambayar da ba a yi mana ba, mutum yana fama da rasuwar uwarsa ko auren da ke rushewa ko tsoron gobe, mu kuma muna sauri mu kai ƙarshen abun da muka shirya. Yakubu 1:19 ya ce mu yi saurin ji, mu yi jinkirin magana, mu yi jinkirin fushi, kuma ban ga dalilin da zai sa a ajiye ayar nan a gefe lokacin yin bishara ba.

Yadda ake faɗa ma yana cikin saƙon. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu kasance a shirye kullum mu ba da amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begen da ke cikinmu, amma da tawali'u da ladabi, kuma Bitrus ya rubuta wannan ne ga mutanen da ake tsananta musu, ba ga masu zaman jin daɗi ba. Kolosiyawa 4:6 ta ce maganarmu ta kasance da alheri kullum, mai gishiri, don mu san yadda za mu amsa wa kowa. Abun yana min ciwo in na ga mai bi yana zagin abun da wani yake girmamawa, ko yana yi wa mutane gori a intanet, wai shi yana kare bangaskiya. Kana iya cin gardama mutumin ya tafi da zuciya a rufe fiye da yadda ya zo. Haka nan saƙonnin nan da ake turawa a WhatsApp, wai in kana ƙaunar Yesu tura wa mutum goma in ba haka ba kaza zai same ka, wannan tsoratarwa ce, ban ga inda ta yi kama da abun da manzanni suka yi ba. Mutumin da kake wa shaida ba lamba ba ne da za a ƙara a rahoto, Allah ne ya halicce shi cikin kamanninsa, yana da 'yancin ya ji ya kuma ƙi, kuma in ya ƙi bai kamata gaisuwa da zumunci da taimako su yanke ba. In ƙaunarka gare shi ta tsaya ranar da ya ce a'a, ai zai gane tun farko ba shi kake ƙauna ba.

Maganar sakamako kuma ita ce take karya gwiwar mutane dayawa, na yi magana babu abun da ya faru. Amma mai shukan da ke cikin misalin ai kashi uku na wajen da irinsa ya faɗi bai ba da amfani ba, kuma ba a zarge shi ba, ba a kuma zargi irin ba. Bulus ya ce wa Korantiyawa shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya girma. A Markus 4:26 zuwa 29 akwai wani ɗan misali da Markus kaɗai ya kawo, mutum ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin yana tsiro yana girma shi bai ma san ta yaya ba. Bulus kansa a Atina, bayan jawabinsa a Ayyukan Manzanni 17, da ya ambaci tashin matattu wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce sai wani lokaci ma ji, 'yan kaɗan suka ba da gaskiya, aka ambaci sunan Diyonisiyus da wata mace Damaris. Kashi ukun nan har yau su za ka tarar.

Wanda ya ce maka sai wani lokaci, kada ka ɗauka ya rufe ƙofa, kuma kada ka matsa masa har ya fara ɓuya in ya hango ka. Ka riƙa yi masa addu'a da sunansa, ka ci gaba da zama mutumin kirki a rayuwarsa, in ya dawo da tambayar da ba ka san amsarta ba ka ce masa ban sani ba amma bari mu duba tare. In kuma ya nuna yana son ƙarin bayani, ni shawarata ku ɗauki Bisharar Markus, ita ce mafi gajarta a cikin littattafan Bishara huɗu, sura 16 ce kawai, ku riƙa karanta ɗan yanki kuna tattaunawa, ka bar shi ya faɗi abun da ya gani kafin ka faɗi naka, domin wanda bai taɓa karantawa ba yakan hango abun da kai ka daɗe kana tsallakewa, kuma tambayoyinsa za su tilasta maka ka koma ka karanta da kyau.